Yadda Mutanen Birni Suka Yi Ƙuri'a A Kan Mayankar Tumaki

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu duba wani abin da ya faru a ƙasar Amurka a shekarar 2024. Mutanen wani birni ne aka tambaya ko a rufe mayankar tumaki ɗaya tak da ke cikin garinsu. Yawancin masu jefa ƙuri'ar ba su taɓa kiwon ko da akuya ba, amma abincin makiyaya masu nisa yana rataye a kan amsarsu. Abin da muke so mu koya shi ne yadda ƙungiyoyin garin suka zauna suka auna maganar kafin su ce za su yi hamayya da ita. Kowace ƙungiyar gama kai takan iske kanta a irin wannan mararraba wata rana.

Mece ce wannan irin ƙuri'a?

A ƙasarmu mun saba da zaɓen mutum: kansila, ciyaman, ɗan majalisa, gwamna. Waɗanda muka zaɓa su ne suke yin doka. Amma akwai wata irin ƙuri'a wadda ba mutum ake zaɓa ba, magana ce ake sa wa jama'a a gaba, kowa ya ce i ko a'a. Ita ake kira ƙuri'ar raba gardama. Dattawanmu na wajen Mubi da Gwoza da Ganye da Mambila sun san ta, gama a watan Fabrairu na 1961 an tambaye su ko za su shiga Nijeriya ko Kamaru, suka zaɓi Nijeriya. A 1963 kuma ta wannan hanya aka kafa Jihar Yamma ta Tsakiya.

A wasu jihohin Amurka abin ya wuce haka. Ba sai gwamnati ta kawo tambaya ba. Mutanen gari da kansu suna iya rubuta doka, su bi gida gida da bakin kasuwa suna neman sa hannun masu zaɓe. Idan suka tara adadin da aka ƙayyade, tilas hukuma ta buga dokar a takardar zaɓe. In masu cewa i suka fi yawa, ta zama doka, ko 'yan majalisa suna so ko ba su so.

Abin lura shi ne manoma suna cikin waɗanda suka yi fafutukar samun wannan hanya. A ƙarshen ƙarni na 19 manoman yammacin Amurka suna kuka da kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna, suna cewa 'yan majalisa sun zama yaran masu kuɗi. Suka ga yadda ake yi a ƙasar Suwizalan, suka nemi irinsa. Jihar Dakota ta Kudu ce ta fara karɓa a 1898, Oregon ta bi a 1902, Kolorado kuwa a 1910. A lokacin mutanen karkara suna da yawa. Yanzu yawancin jama'a sun koma birane, saboda haka sandar da manoma suka sassaƙa tana iya sauka a kansu.

Abin da aka kawo a Denba

Denba ita ce babban birnin Jihar Kolorado, tana da mutane sama da 700,000. Garin ya daɗe da sha'anin dabbobi. Tun 1906 ake yin babban bikin nuna dabbobi a can a watan Janairu, makiyaya suna zuwa daga jihohi da yawa.

Wata ƙungiyar masu kare dabbobi mai suna Pro-Animal Future ta tara sa hannun dubban mutane, ta shigar da dokoki biyu a zaɓen ranar 5 ga Nuwamba, 2024.

Ta farko, mai lamba 309, ta ce daga 1 ga Janairu, 2026 kada a gina ko a gudanar da mayanka a cikin birnin. Ta kuma ce hukumar birni ta sa ma'aikatan da abin ya shafa a gaba wajen koyar da sabuwar sana'a.

Ta biyu, mai lamba 308, ta hana yi da sayar da sababbin kayan da aka yi da fatar dabba mai gashi, irin wadda ake ɗinka rigunan sanyi masu tsada da ita.

Dokar farko ba ta ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya san inda ta dosa, gama mayanka ɗaya ce a garin, ta kamfanin Superior Farms. Tana da ma'aikata kimanin 160, ma'aikatan kuwa su ne masu hannun jarin kamfanin. Ana yanka 'yan tumaki wajen 300,000 a shekara a wurin, watau tsakanin kashi 15 da 20 cikin 100 na 'yan tumakin da ake yankawa a ƙasar duka. Yankan kuma na halal ne, saboda haka Musulmin Amurka da yawa suna dogara gare ta.

Hujjar kowane gefe

Masu goyon baya suka ce dabbobi suna shan wahala a manyan mayanka inda ake aiki da gaggawa. Suka ce aikin yana jikkata ma'aikata, yana kuma taɓa zuciyar mutum. Suka ce unguwar da mayankar take unguwar talakawa ce wadda ta daɗe tana fama da wari da ƙazantar masana'antu. Ba su kuma ɓoye burinsu na nesa ba: suna so a daina kiwon dabbobi irin na masana'anta, Denba kuwa mafari ce kawai.

Masu hamayya suka ce rufe mayankar ba zai rage cin nama ba. Za a loda tumakin ne a manyan motoci a kai su wata jiha mai nisa, dabba ta ƙara wahala a hanya, kuɗin mota kuma ya fito daga aljihun makiyayi. In kuwa naman gida ya ragu, sai a ƙara sayo na Ostareliya da Niyu Zilan, waɗanda tun dā su ne suke kawo fiye da rabin naman 'yan tumakin da ake ci a Amurka. Suka ce ba daidai ba ne a yi doka domin a kashe kamfani guda wanda yake aiki da izinin hukuma. Game da doka ta biyu suka ce za ta taɓa har malafar makiyayan shanu, wadda akan yi da gashin zomo da na wata dabbar ruwa, ta kuma rage ciniki a bikin nuna dabbobi.

Makiyaya suna da dalili biyu na jin tsoro. Na ɗaya, a 2020 wata babbar mayankar tumaki a garin Greeley, mallakar ƙungiyar gama kai ta makiyaya, ta karye. Kamfanin JBS ya saye ginin, aka daina yankan tumaki a ciki. Makiyaya suka ɗanɗana abin da ake nufi da tumaki sun ƙosa ba wurin kai su. Na biyu, a wannan shekara ta 2020 aka yi ƙuri'a a jihar duka a kan maido da kyarketai cikin dajin yammacin Kolorado. Yawancin gundumomin karkara suka ƙi, amma ƙuri'un birane suka rinjaya da ƙyar, kusan kashi 51 cikin 100. A watan Disamba na 2023 aka saki kyarketai goma na farko. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Waɗanda suka tsaya a tsakiya

Masu dokar sun san matsayinsu, kamfanin ma ya san nasa. Masu aikin tunani su ne na tsakiya: 'yan siyasa na unguwanni, ƙungiyoyin ƙwadago, masu gidajen abinci, da ƙungiyoyin mazauna unguwa. A can al'ada ce irin waɗannan ƙungiyoyi su zauna kafin zaɓe, su bi dokokin ɗaya ɗaya, su fitar da takarda mai gaya wa mutanensu: wannan ku ce i, wannan ku ce a'a, wannan ba mu da magana. Mutane da yawa suna bin takardar, gama tambayoyin sukan yi yawa, ba kowa ke da lokacin karanta su ba.

Reshen jam'iyyar Dimokurat na Denba ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Jam'iyyar ce take da rinjaye a garin. A cikinta akwai masu ƙaunar dabbobi da masu kula da tsabtar ƙasa da ruwa. A cikinta kuma akwai ma'aikata da baƙi 'yan ci-rani, irin waɗanda suke aiki a mayankar. Duk inda ta juya akwai ɗan gida da zai ji zafi. Hanya uku ce a gabanta: ta goyi baya, ta yi hamayya, ko ta yi shiru. Shirun ma ba kyauta ba ne, gama wanda ya yi shiru ya bar wa wasu su yanke masa.

Ga abubuwan da duk ƙungiyar da ta shiga irin wannan hali take ɗorawa a ma'auni.

1. Me takardar ta faɗa? Sunan doka dabam, abin da ke cikinta dabam. Mutum yana iya ƙin wahalar da dabba da zuciya ɗaya, amma ya karanta doka ta 309 ya ga ba ta gyara yadda ake yanka ba, ba ta ƙara masu duba ba, rufewa kawai ta ce. Tambayar da ke kan takarda ita ce za a amsa, ba wadda mutum yake so a yi masa ba.

2. Wa zai ɗauki nauyin? Mai jefa ƙuri'a ya gama nasa cikin minti ɗaya. Ma'aikaci 160 da iyalansu, da direbobi, da makiyaya waɗanda ba su ma da ƙuri'a a birnin, su ne za su zauna da sakamakon shekara da shekaru.

3. Alkawarin da ke ciki yana da ƙafa? Dokar ta ce za a sa ma'aikatan a gaba wajen koyon sana'a. Amma koyon sana'a ba aiki ba ne, ba ya kuma maida wa mutum jarin da ya tara a kamfani.

4. Da wa za mu tsaya? Wannan ya dami mutane da yawa. Manyan ƙungiyoyin masu nama da na makiyaya na ƙasa sun zuba kuɗi mai yawa a hamayyar, ya ninka na masu goyon baya sau da dama, da yawansa kuma daga wajen birnin ya fito. Ɗan siyasar unguwa wanda ya saba sukar manyan kamfanoni sai ya ga kansa a layi ɗaya da su. Tilas ya tambayi kansa ko maganar gaskiya ce ko da wane ne ya biya kuɗin talla.

5. Ƙarfinmu zai kai? Ba waɗannan biyu kaɗai ke kan takardar ba. Akwai tambayar ƙarin harajin saye domin babban asibitin garin, akwai wata ta ƙarin haraji domin gina gidaje masu araha, ga kuma zaɓen shugaban ƙasa. Masu aikin sa kai kaɗan ne, kuɗi kaɗan ne. Ƙungiyar da ta ɗaga murya a kan kome, ba a jin ta a kan kome.

6. Bayan zaɓe fa? Waɗanda aka kayar 'yan gida ne, gobe za a nemi taimakonsu a kan wata magana. Saboda haka yadda aka yi hamayyar yana da nauyi kamar hamayyar kanta.

Bayan muhawara, kwamitin tsakiya na jam'iyyar a Denba ya jefa ƙuri'a, da babban rinjaye ya tsai da shawarar yin hamayya da dokar rufe mayanka. Wasu ƙungiyoyin ƙwadago da masu gidajen abinci su ma suka fito suka ce a'a.

Abin da ya fito

A Kolorado ana aika wa kowane mai rajista takardar zaɓe ta gidan waya, ana kuma aika ɗan littafi mai bayyana kowace doka da hujjar kowane gefe. Mutum yana da kwanaki ya karanta a gida. Da aka ƙirga, doka ta 309 ta faɗi, masu cewa a'a sun kai kusan kashi 64 cikin 100. Doka ta 308 ita ma ta faɗi, a'a ta samu wajen kashi 58. Harajin asibiti ya wuce, na gidaje ya faɗi da ɗan rata kaɗan. Wannan ya nuna mutane ba bin ido rufe suka yi ba, kowace tambaya sun auna ta dabam.

Kada mu ɗauka ko'ina haka yake ƙarewa. A 2021 garin Boulder, maƙwabcin Denba, ya amince da hana sayar da kayan fata mai gashi. A ranar da Denba ta ƙi, birnin Berkeley na Kalifoniya ya amince da hana manyan gidajen tara dabbobi, ko da yake a lokacin babu irinsu a garin. A gundumar Sonoma kuwa, ƙasar masu madara da kaji, aka kawo irin wannan doka, wajen kashi 85 cikin 100 suka ƙi. Inda mai ƙuri'a ya san fuskar wanda doka za ta taɓa, yakan yi tunani sau biyu. Mu kuma tuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu zaɓen Denba sun yarda a rufe mayankar. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne, masu kiwo na can ba za su iya yin kamar ba su ji ba.

Ina ruwanmu?

A Nijeriya ba mu da hanyar da mutanen gari za su rubuta doka su kai ta akwatin zaɓe. Amma tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin kafawa da kula da mayanka, da kasuwanni, da tashoshin mota. Majalisar ƙaramar hukuma tana iya ta da kasuwar dabbobi daga inda take, ta rufe kwata, ta sa sabon kuɗin shiga, ta hana sakin awaki ko kiwon alade cikin gari. Wani lokaci da dalili mai kyau ne, gama kwata marar ruwa da magudana cuta ce ga maƙwabta. Wani lokaci kuwa masu yanke shawarar ba su san mil nawa manomi zai ƙara da ƙafa ba. Ranar da irin wannan ta taso, ƙungiyarku za ta tsaya a mararrabar nan mai hanya uku. Ga shawarwari kaɗan.

Ku nemi takardar ku karanta. Kada ku yi fushi a kan jita-jitar kasuwa. Sakatare ya je sakatariya ya roƙi kwafi, a karanta a taro, a fassara wa kowa da harshen da yake ji.

Ku ji ɗayan gefen kafin ku yanke. Littafin Misalai 18:17 yana gargaɗinmu a kan gaskata mai ƙara na farko tun ba a ji abokin shari'arsa ba. Ku gayyaci malamin tsabta ko kansila ya faɗi dalilinsa. Wataƙila rabin kukansa gaskiya ne.

Ku gyara naku. Babbar hujjar masu son rufe mayankar Denba ita ce wahalar dabba, mu kuwa ba za mu iya wanke hannu daga wannan ba. Mun ga kaji a rataye kai ƙasa a bayan babur cikin rana. Mun ga shanu a cushe a mota kwana biyu ba ruwa. Mun ga jaki da gyambo ana ɗora masa kaya. Misalai 12:10 ya ɗora kula da ran dabba a wuyan mai adalci. Ƙungiyar da take shayar da dabbobinta, take share garkenta, take zubar da jini da ƙazanta inda ya kamata, ita ce za a saurara ranar da ta je ƙorafi.

Ku kawo lissafi. Ku rubuta gida nawa ne suke ci daga wannan kasuwa, dabba nawa ake sayarwa kowane mako, nawa kuɗin mota zai ƙaru. Masu hamayya a Denba ba su tsaya ga cewa ana zaluntarsu ba. Sun faɗi yawan ma'aikata, sun bar ma'aikatan da kansu suka yi magana.

Ku nemi abokai. A Denba makiyaya, da ma'aikata, da masu dafa abinci, da masu bukatar naman halal, bukatarsu ta zo ɗaya. A garuruwanmu Sarkin Pawa da mahauta, da Fulani makiyaya, da dillalai, da mata masu sayar da abinci, Kirista da Musulmi, duk kasuwa ɗaya suke ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ku lura da wanda zai ce zai biya muku kuɗin mota da na lauya. Ku tambayi abin da yake nema, ku rubuta kowace gudummawa a littafi, a karanta a gaban kowa.

Ku raba ƙungiya da jam'iyya, ku kuma raba ta da bagade. 'Yan ƙungiyarku ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Ku yi magana a kan dokar, ba a kan mutumin da ya kawo ta ba. Kada ku sa fasto ya mai da wa'azin Lahadi taron siyasa. A kira taron ƙungiya dabam, a jefa ƙuri'a, a rubuta adadi, a kuma rubuta ra'ayin marasa rinjaye. In kun rabu kusan biyu daidai, ya fi kyau ƙungiya ta ce ba ta da matsayi, kowa ya bi lamirinsa, da a ce ta tsage.

Kada ku tsaya ga a'a kaɗai. In an ce a rufe kwata saboda ƙazanta, ku zo da tayin gyara: ƙungiya za ta haƙa rami, za ta kawo yashi da dutse, hukuma ta kawo siminti da ruwa. Mai tayi a hannu ya fi mai kuka samun kujera a wurin shawara.

Tambayoyi domin taron wata

1. Wace doka ko shawara ta ƙaramar hukuma ce ta taɓa sana'armu cikin shekaru biyar da suka wuce? Mun ji labarinta kafin a zartar ko bayan an zartar?

2. Wa muka sa ya riƙa bin zaman majalisar ƙaramar hukumarmu yana kawo mana labari?

3. In baƙo ya zo ya duba yadda muke ɗaure dabbobi, da yadda muke kai su kasuwa, da yadda ake yanka su, me zai gani wanda za mu ji kunya?

4. Dokokin ƙungiyarmu sun faɗi yadda za mu tsai da matsayi a kan maganar gari? Mutum nawa ne za su yarda kafin a yi magana da sunan kowa?

Sakatarorin ƙungiyoyi su rubuto mana abin da aka tattauna, za mu buga wasu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu hikima, ya sa albarka a gonakinmu da garkunanmu. Amin.